Rimot a hannu, ƙura a ciki

Duk wanda ya taɓa yin bazara a Zauro ya san abin da ake kira zafi. Daga Maris zuwa Mayu, kafin ruwan fari ya sauka a fadamar Rima, ma'aunin zafi kan haura 40, bango ya yini yana shan rana, ya kwana yana huci. A irin wannan lokaci na sauka gidan yayana, na tarar da shi yana fama da rimot. Iyakwandishan tana ta ruri, amma iskarta ba ta da maraba da ta fanka. Ya sauke lamba zuwa 16, ya canja batir, ya bubbuga rimot a tafin hannu. Shiru.

Washegari aka kira wani matashi mai gyara daga Birnin Kebbi. Ko kallon rimot bai yi ba. Ya hau kujera, ya ɗaga murfin na'urar, ya zaro raga biyu da ƙurar hunturu ta toshe, kamar an yaɓe su da laka.

"Alhaji, yaushe rabon da a wanke waɗannan?"

"Ashe ana wanke su, ɗana?" in ji Yaya.

Yaron ya wanke su ya shanya a inuwa, ya zagaya bayan ɗaki wurin injin waje. An jingina masa zana, ƙaiƙayin shinkafa da yanar gizo sun cika haƙarƙarinsa. Yana sharewa yana bayani: na'urar nan zafin ɗaki take kwasa, iskar gas ta ɗauke shi ta bututu zuwa injin waje, shi kuma ya watsar. In raga ta toshe, ko injin waje ya rasa wurin numfashi, zafin ba shi da hanyar fita, kwamfaresa ta yi ta wahala, kuɗin wuta ya yi ta hawa. Ruwa dai ba ya tsami banza.

Ya ce sauke lamba zuwa 16 ba ya gaggauta sanyi, 24 zuwa 26 ya isa mutum ya yi barci. Ko a Indiya, tun 2020 sababbin na'urori kan zo a saite kan 24. A wanke raga duk mako biyu lokacin ƙura. In an maido wuta, a jira kamar minti uku kafin a kunna. In sanyi ya shigo an ajiye rimot, a cire batir kada ya zubar da ruwa ya ci ƙarfen ciki.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne kwanakin da Yaya ya yi yana tsananta umarni, alhali matsalar tana wurin da hannunsa bai taɓa kaiwa ba. Manomin shinkafa a fadama ya fi mu gane wannan. Ya san ko ya ƙure wa injin ban-ruwa wuta, ruwa ba zai kai ƙarshen gona ba sai ya shiga da fartanya ya yashe hanyarsa.

Mu kuwa da yawanmu da rimot muke tafiyar da gida. Uba na kasuwa ko wurin aiki, yana bugo waya: a yi kaza, a bar kaza. In yaro ya daina ji, sai a ƙara tsawa. Wa ya zauna da shi ya ji abin da ya taru a zuciyarsa? Wa ya leƙa madafa ya ga uwargida da ke ɗauke da zafin gidan, ko ta samu wurin numfashi? Ba a fafe gora ranar tafiya. Kulawar da ba a yi ba da hunturu, bazara ce za ta tona.

Da na koma bayan Sallah, na iske Yaya a kan kujera yana zaro raga, ƙaramin ɗansa riƙe da roba da ruwa, suna hira. Rimot na ajiye a kan tabarma.