Kafin Ka Tafi Bakin Teku, Ka Leƙa Baturiya

Ɗana, daren jiya ina jin ka kana nuna wa ƙannenka bidiyon wani dajin bakin teku a waya, har kana cewa ranar da Allah ya hore maka kuɗin mota sai ka je ka gani da idonka. Ba zan hana ka ba, tafiya mabuɗin ilimi ce. Itatuwan nan da ake kira mangurob abin al'ajabi ne: a cikin ruwan gishiri suke tsaye, saiwoyinsu a waje kamar ƙafafun zalɓe, 'ya'yan kifi da jatan lande na girma a ƙarƙashinsu, kuma su ne ke riƙe gaɓa kada igiyar ruwa ta cinye ta. Mafi girman irin wannan daji a Afirka a ƙasarmu yake, a yankin Neja Delta. Amma zauna tukuna, akwai inda ya kamata ka fara zuwa.

Ruwan da ke sauka a nan yammacin Kano ba a nan yake kwana ba. Watari ta kai shi Chalawa, Chalawa ta gamu da Kogin Kano, su zama Kogin Haɗejiya, can gabas ya malala ya zama babbar fadamar da ta taso daga Haɗejiya har Nguru. A cikinta ne Baturiya take, a ƙaramar hukumar Kirikasamma ta Jigawa, da Dagona a ƙasar Bade ta Yobe. A shekarar 2008 aka sa su biyun cikin jerin fadamun duniya da yarjejeniyar Ramsar ke karewa. Da hunturu agwagin daji ke tsallako Sahara daga Turai, su tarar da dinya da kirinjijiya da jinjimi. Tun a 1989 Yarima Filib, mijin Sarauniyar Ingila, ya taka har Dagona don ya gan su. Kai da ke Rijiyar Zaki, tafiyar yini ɗaya ma ba ta kai ba, ba ka taɓa zuwa ba.

In ka je, ka sani baƙo ne kai. Fara gaida dattawan gari da masu gadin dajin kafin ka doshi ruwa. Ka yi sammako, don da rana ta take tsuntsu ya nemi inuwa. Ka ɗauki mai kwalekwale ɗan gari, ka biya shi haƙƙinsa ba tare da dogon ciniki ba. Ya san ruwan nan fiye da wayarka. Ka rage murya, ka bar danƙo a gida. In yaro ya tallata maka ƙwan tsuntsu ko dinya a ɗaure, kada ka saya, don kuɗinka ne zai mayar da shi sheƙar gobe. Ledar ruwan da ka sha kuwa, ka dawo da ita a aljihunka.

Sannan ka tambayi masunta labarin kacala. Tun da aka datse ruwa a Tiga a 1974, da Chalawa Goje a 1992, ambaliyar da ke zuwa da damina ta janye da rani ta sauya hali. Ciyawar nan ta toshe hanyoyin ruwa, ta ci gonakin shinkafa, jan-baki ya samu mafaka a cikinta yana far wa hatsi. Ruwan da muke sha da wanda muke noman rani da shi a Kano, daga rabonsu aka tare shi. Ka saurare su da kunyar wanda ake bi bashi.

Ranar da ka dawo, ka zagaya gonar kakanka. Ka ga yadda ake yanka gonakin unguwar nan filaye, ana sare gawo da ɗorawa don a jera bulo. Aikin da mangurob ke yi wa mutanen teku, shi gawon nan na gonar kakanka ke yi mana: ya riƙe ƙasa, ya ba ta taki, ya ciyar da awaki da rani. In rabon gado ya biyo ta kansa, ka ce a bar maka ɓangaren da yake, ko da ya fi ƙanƙanta.

Daga nan sai ka nemi kuɗin motar Fatakwal. Allah ya yi maka albarka, ya kai ka lafiya ya dawo mana da kai lafiya.