Ladar Jinya Ba Ta Share Haƙƙin Ɗan'uwa

A Jega, Aliero da Maiyama, gidan da Allah ya jarraba da yaro makaho ko wanda shan inna ya gurgunta, galibi akwai wani yaron da aka yanke wa hukunci ba a tambaye shi ba. Shi ne ɗan jagora mai riƙe da kan sanda a kasuwar Jega, ko yarinyar da ke goye da ƙanen da ƙafafunsa ke taɓa gwiwarta, sa'o'inta kuwa suna wucewa da allo. Da an yi magana sai a ce ai lada suke samu. Ladar ba abin musu ba ce, amma ba ta zama hujjar danne haƙƙi.

Risalar Ibnu Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan ƙasar Gwandu, ta ɗora ciyar da ɗa mai naƙasa a wuyan uba ko da ya balaga, ba ta wajabta wa ɗan'uwa ba. Ashe abin da wa ko ya ke yi zumunci ne da kyautatawa, to yaya kyautatawa za ta koma tilas a kan wanda alƙalami bai hau kansa ba? Annabi (SAW) ya ƙi zama shaida sa'ad da mahaifin Nu'umanu ɗan Bashir ya fifita shi da kyauta. In kyauta ta jawo wannan, ina ga hana karatu dungurungum?

Wani zai ce adalci ba raba daidai ba ne, mai rauni ya fi buƙata. Haka ne, a ƙara masa kulawa, amma daga aljihun manya da lokacinsu. Hujja mafi nauyi ita ce talauci: manomin albasa a Aliero tun asuba yana fadama, aiki ya yi wa uwa katutu, wa zai riƙe yaron? Wannan na nuna nauyin ya fi ƙarfin gida guda, ya hau kan dangi, masu fitar da zakka da hukuma. Dokar da Shugaba Buhari ya sanya wa hannu a 2019 ta ba mai naƙasa damar karatu kyauta har sakandare. Ranar da makahon ya shiga aji, jagoransa ma ya shiga.

Limamanmu, ku sanya haƙƙin waɗannan yara cikin huɗubar Juma'a.