Ramin Da Aka Bari A Buɗe

Akwai wata magana da mukan ji a ƙofar asibiti sa'ad da aka fito da gawa: "Haka Allah ya nufa." Gaskiya ne, rai a hannun Allah yake. Amma sau da yawa mukan ɗauki maganar nan mu rufe laifin mutum da ita.

Ku duba Littafin Fitowa sura 21. A can Ubangiji ya umarta, idan mutum ya haƙa rami ya bar shi a buɗe, har sa ko jaki ya faɗa ciki, mai ramin ne zai biya. Bai tura dabbar ba, bai nufe ta da mugunta ba, sakaci kaɗai ya yi. Duk da haka Shari'a ta kama shi. In Allah ya nemi lissafi saboda jaki, ina ga ɗan mutum?

A shekara ta 1996 annobar sanƙarau ta faɗa wa Kano. Kamfanin Pfizer na Amurka ya zo ya gwada sabon magani mai suna Trovan. Yara wajen 200 aka ɗauka, aka ba rabi sabon, rabi kuma wani da aka riga aka sani. Yara 11 suka mutu, waɗansu suka kurumce, waɗansu suka shanye. Iyaye suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi. Kamfanin kuwa ya ce cutar ce ta yi ɓarnar, bai amsa laifi ba. Sai a 2009 ya yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75, iyalai na fari kuma ba su ga diyya ba sai 2011. Shekara 15 ke nan! Ba mu ne alƙalai ba. Amma a 2003, da mutane suka ƙi rigakafin shan inna, zancen Trovan yana cikin abin da suka riƙa ambata, cutar kuwa ta sāke bazuwa.

Yanzu fa mu dawo gida, gama cikin ikilisiyoyinmu akwai likitoci, da ungozomai, da malaman asibiti. Muna gode wa Allah dominku, mun san kuna aiki da gajiya da ƙarancin kaya. Amma jinin da aka ƙara ba a gwada ba, rami ne. Mai naƙuda da aka bari ita kaɗai da dare, rami ne. Idan hannunka ya kuskure, ɗan'uwa, ka faɗa wa dangin da bakinka, kada ka gyara takarda.

Ku dattawa kuma, idan gwauruwa tana so ta san abin da ya kashe mijinta, kada ku tsawata mata cewa ba ta da bangaskiya. Gafara ba ta hana tambaya. Ku raka ta wurin babban likita. In ya ƙi saurara, majalisar da ke ba likitoci izinin aiki a Nijeriya tana karɓar ƙara. Ku taimake ta ta rubuta.