Gurbin da Babu a Fom

Bayan dakarun RSF sun shiga Wad Madani a Disambar 2023, Baffana ya gudo Maiurno, garin da Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya kafa a bakin Shuɗin Nilu bayan yaƙin Burmi na 1903. Ni aka ɗora wa cike masa istimara, wato fom ɗin neman tallafi da wata ƙungiya ta turo a PDF. A ganin dangi, duk mai magana a rediyo ya san kan waya.

Komai ya tafi daidai sai da muka iso gurbin ƙauyen da mutum ya fito. Ba a rubutawa, zaɓa ake yi daga jerin sunaye. Shi kuwa Baffa a kambo aka haife shi, irin zangon leburorin auduga da suka tsiro a gefen gonakin Jazira bayan an kammala madatsar Sennar a 1925. Nasu ba ya cikin jerin.

Na ce, "Baffa, mu zaɓi ƙauyen da ke kusa da ku."

Ya ce, "Ɗana, shekara sittin ina tsinkar auduga a gindinsu, ba su taɓa kirana ɗan gari ba. Yau ni zan faɗa da bakina?"

Na nemi wurin ƙara bayani, na tarar an kulle shi. Sai na sake fitar da fom ɗin a sabon PDF, kullen ya saki, na rubuta sunan kambon a gefe. Gurbin na bar shi fayau.

Tun ranar nake tambayar kaina ko na ci amana. Mai kullen yana da hujja: dubban mutane ne, in kowa zai taɓa takarda, wani adadin 'ya'yansa zai ƙara. Ni ma a shirina ina katse mai kira in ya wuce minti biyu, kuma ban taɓa ɗaukar kaina azzalumi ba.

Amma ban sauya tambayarsu ba, amsar da suka manta su bar wa wuri na ba su. Da na zaɓi ƙauyen makwabta, na'ura za ta karɓa ba musu, alhali ƙarya ce. Kuma irin wannan ƙarya taruwa take yi: kowane ɗan kambo ya ari sunan wani gari, gobe a duba lissafi a ce ai babu kowa a kambo, jeri na gaba ya sake fitowa babu su.

Abin da ya fi damuna, kwamfuta gurabe kawai take tattarawa. Rubutun gefe sai idon mutum ya faɗa kansa. Ga kuma tsofaffin da ba su da ɗa mai waya, waɗanda aka zaɓa musu gari ba a ko tambaye su ba.

Baffa bai cika tambayar buhun dawa ba. In mun gaisa da safe cewa yake, "Ɗana, sun karanta?"