Basilla da Zare

Babu maganar da ta fi saurin fitowa daga bakin Bahaushe idan an cuce shi, ko kuwa ya hango ana shirin cutarsa, kamar ya dubi abokin hulɗarsa ya ce, "Malam, ka ji tsoron Allah." Mai awo yakan ji ta, alƙali yakan ji ta, ɗan da ya yi wa mahaifinsa tsiwa yakan ji ta daga bakin maƙwabta, kuma duk wanda ya zauna a garuruwan da Musulmi da Kirista suke cin kasuwa ɗaya, irin su Zariya da Jos da Kafancan, ya san ba a tambayar addinin mutum kafin a jefa masa ita. Amma a wurin malaman Kirista kalmar nan tana ɗauke da mas'ala mai wuyar warwarewa, wadda suka yi ƙarnuka suna jujjuyawa, domin littafin da suke riƙo da shi ya zo da maganganu biyu waɗanda a zahiri kamar suna karo da juna. Manzo Bulus, a wasiƙarsa ta biyu zuwa ga mutanen Korinti, ya sanya tsoron Allah ya zama shi ne muhallin da tsarkin mai bi yake cika a cikinsa. Manzo Yahaya kuwa, a wasiƙarsa ta fari, ya nuna cewa ƙauna idan ta kai matuƙa ba ta barin tsoro ya kwana a zuciya, har ma ya ɗauki mai tsoro a matsayin wanda bai gama nuna ba tukuna. To, wanne za a kama, wanne za a saki?

Wajibi ne tun da fari a san abin da ake nufi da tsarki a nan, domin kunnen da ya saba da babin ɗahara a Ahalari da Ishmawi zai iya zaton maganar ruwa da buta ake yi. Waɗanda suka juya littafin nan zuwa Hausa, aikin da Likita Miller na Zariya ya yi shekaru a cikinsa har aka buga shi cikakke a 1932, da kalmar suka raɗa masa suna, suka ce Littafi Mai Tsarki, suna nufin abin da aka keɓe wa Allah, wanda ya ɗauko wani abu na halinsa. Wanda yake son ganin yadda wannan tsarki yake sauka ƙasa ya yi tafiya a cikin mutane, sai ya buɗe sura ta 19 ta Littafin Firistoci a cikin Attaura, wadda ta fara da umartar Bani Isra'ila su zama tsarkaka saboda Ubangijinsu mai tsarki ne. Mai karatu zai tsammaci abin da zai biyo baya azumi ne da halwa da tsayuwar dare, sai ga shi ana maganar barin gefen gona da kalar hatsi domin matalauci da baƙo, da hana kuɗin ɗan ƙodago kwana a hannun mai aiki, da miƙewa tsaye saboda mai furfura, da gyara ma'auni da mudu. A tsakiyar waɗannan hukunce-hukunce akwai biyu da suka fi tsaya mini a rai, wato hanin zagin kurma da hanin ajiye abin tuntuɓe a gaban makaho, kuma a nan daidai aka liƙa umarnin jin tsoron Allah. Malaman Yahudu na dauri sun lura da hikimar wurin: kurma ba zai ji zagin ba balle ya kai ƙara, makaho ba zai san wanda ya ajiye dutsen ba balle ya rama, saboda haka laifi ne wanda ba shi da shaida, ba shi da alƙali, sai Wanda ba ya gyangyaɗi.

Na taɓa tsayawa a rumfar wata dattijuwa mai sayar da hatsi, 'yar zumuntar mata ce ta wata majami'a, sai ga wani makaho ya zo sayen dawa tiya biyu, ɗan jagoransa kuwa hankalinsa ya tafi ga wani mai wasa da biri a ƙetaren hanya. Ta cika tiya ta yi mata tozo har hatsi yana gangarowa, kamar yadda take yi wa masu ido da baki, ta juye a buhunsa. Da ta zo ba shi canji sai ta kama tafin hannunsa ta ce, "Baba, ƙirga tare da ni," ta riƙa ɗora kuɗin ɗaya bayan ɗaya. Ba ta san ina kallo ba, ban kuwa tambaye ta dalili ba. Abin da na tafi da shi dai tambaya ce: wannan da ta yi, tsoro ne ko ƙauna?

Wanda ya fi kowa shahara da amsar tambayar shi ne Agustin, limamin garin Hifo, inda Annaba take yau a ƙasar Aljeriya, wanda ya rayu daga 354 zuwa 430. A cikin wa'azuzzukan da ya yi wa jama'arsa a kan wasiƙar Yahaya, da ya iso wurin da aka ce ƙauna tana korar tsoro, bai tsallake ba, sai ma ya ƙara wa kansa wahala da kawo wata aya ta Zabura wadda ta siffanta tsoron Ubangiji da tsabta da dawwama, ya ce numfashi guda yana iya busa sarewa biyu ba tare da sautinsu ya saɓa ba. Ya kuma buga misali da aikin ɗinki. Duk wanda ya taɓa zama kusa da baduku ya ga abin da yake nufi: fata tana da tauri, zare kuwa ba shi da ƙashi, da za a shekara ana tura shi ba zai huda ta ba, sai an soka basilla da ƙarfi, ta ratsa, ta jawo zaren a bayanta. Amma in basilla ta shiga ta tsaya, ɗinki bai yiwu ba, dole ta fita ta ɗaya gefen kafin zare ya zauna a gurbinta. Haka tsoron azaba yake, in ji shi, yana huda busasshiyar zuciya domin ƙauna ta sami hanya, kuma gwargwadon shigar ƙauna gwargwadon fitarsa.

Misalin yana da kyau, sai dai da a nan ya tsaya da ya bar rabin magana, domin mai saurare zai ɗauka tsoro kayan aikin almajiri ne wanda gwani yake jefarwa. Shi ma Agustin kamar ya ji haka, don ya ƙara da misali na biyu wanda a ganina ya fi na farkon zurfi. Ya ce a ɗauki mata biyu, kowacce mijinta ya yi tafiya, kowacce kuma tana tsoronsa. Ta farko zuciyarta tana wani wuri, abin da ya hana ta aikata abin da take so kawai fargabar kada ya dawo ya kama ta. Ta biyu kuwa tana son mijinta, abin da take tsoro shi ne kada ta yi abin da zai sa ya juya mata baya. Ɗaya tana tsoron zuwansa, ɗaya tana tsoron tafiyarsa. Na farkon ya kira shi tsoron bawa, na biyun tsattsarkan tsoro, kuma wannan na biyu ba ya raguwa da ƙaruwar ƙauna, ƙaruwa ma yake yi, tun da wanda ba ya son abu ba ya fargabar rasa shi. A kan wannan harsashi na baya suka yi gini. Binidik, a ƙa'idar da ya rubuta wa ruhubanawa a Italiya cikin ƙarni na shida, ya jera matakai goma sha biyu na tawali'u, na farkonsu riƙe tsoron Allah a gaban ido kullum, ƙarshensu kuwa mutum ya wayi gari yana yi don so abin da dā yake yi don fargaba. Toma Akwinas, wanda ya rasu a 1274, ya rarraba tsoro kashi-kashi irin na masu ilimin furu'a, ya ajiye tsoron ɗa, wato tsattsarkan tsoron nan, a sama da duka.

A nan sai mai karatu Musulmi ya ɗan ɗaga gira, kuma yana da hujja, domin a wurinsa babu laƙabin da ya fi "bawan Allah" daraja, maganar ɗiyanci ga Allah kuwa tana daga cikin manyan wuraren da addinan biyu suka rabu. Ya kamata dai a sani cewa shi kansa Bulus yakan buɗe wasiƙa da kiran kansa bawan Almasihu. Abin da ake zargi ba bauta ba ce, halin bawan da idonsa yake kan bulala kaɗai ne, wanda in maigida ya juya baya shi ma ya ajiye fartanya. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ware babi guda a cikin Ihya'u domin haufi da raja'i, ya kamanta tsoro da bulalar da ake kora bayi da ita zuwa ga ilimi da aiki, ya kuma yi gargaɗi cewa in ta yi yawa sai ta kai ga yanke ƙauna. Lafazin nan na Hausa, yanke ƙauna, shi kaɗai ya isa sharhi. Mu kuma muna da kalmar da ta fi kusa da tsoron ɗa fiye da tsoro kansa, ita ce kunya. Dubi magidanci mai 'ya'ya da jikoki, gemu ya fara fari, yana tsaye ƙofar gida yana faɗa da ɗaga murya, sai ya hango mahaifinsa tafe yana dogara sanda. Nan take murya ta faɗi, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa. Tsohon nan ba shi da ƙarfin marin ko ɗan yaye, ba kuwa gado ake jira ba. Abin da ya durƙusar da shi nauyi ne, kuma da za a cire nauyin nan daga zuciyarsa da ƙaunar ma ta zama wani abu dabam.

Tarihin ikilisiya ya nuna abin da yake faruwa in basilla ta maƙale a fata. A watan Yuli na 1505 aradu ta faɗi kusa da wani ɗalibin shari'a mai suna Martin Luta a kan hanyarsa ta komawa Erfurt a ƙasar Jamus, firgita ta sa ya yi bakance zai zama ruhubani, kuma bai cika mako uku ba ya shiga gidan ruhubanawa masu bin ƙa'idar Agustin. Ya yi azumi, ya hana idonsa barci, yakan shafe sa'o'i yana zayyana zunubansa a gaban malaminsa Staupitz har malamin ya gaji. Amma da tsufansa ya yi iƙirarin cewa a shekarun nan ba ƙaunar Allah mai adalci yake yi ba, haushinsa yake ji. Wannan shi ne bawan da Yesu ya buga misali da shi a Linjilar Matiyu, wanda aka ba jari ya haƙa rami ya binne, saboda ya ɗauki ubangidansa mai tsanani ne. Duk da haka, lokacin da Luta ya huce, ya rubuta ɗan littafin tambaya da amsa domin yara a 1529, bai kori tsoro ba. A ƙarƙashin kowace doka daga cikin dokoki goma ya ɗaure tsoron Allah da ƙaunarsa da igiya guda. Haka Jonatan Edwads na Amurka, wanda a 1741 ya yi wa mutanen Enfield wa'azin da ya siffanta mai zunubi da gizo-gizon da aka riƙe a bisa wuta, har kururuwar jama'a ta sa ya dakata, shi da kansa ya rubuta littafi bayan shekara biyar yana cewa tsananin kuka da rawar jiki ba hujja ba ne a kan tuba ta gaskiya. Mu da muka tashi da waƙoƙin wa'azi masu siffanta wuta da kunamunta mun san wannan: hawayen daren Juma'a ba kullum yake kaiwa kasuwar Asabar ba.

Sai dai a zamanin nan ban cika ganin masu irin cutar Luta ba. Abin da ya fi yawa shi ne kishiyarta, wato mutanen da suka ji an ce ceto kyauta ne ta wurin alheri, sai suka ɗauka Allah ya zama abokin wasa, suna shiga gabansa kamar mai shiga ɗakin ƙaninsa. Littafin nasu bai goyi bayan haka ba. Zabura ta 130 ta sanya gafara ce sababin tsoro, abin da a duban farko yake kamar an juya magana. Amma labarin Bitrus a Linjilar Luka ya fassara shi. Masunci ne ya kwana yana jefa taru bai kama ko tarwaɗa ba, Yesu ya ce ya sake jefawa, kifi ya cika har taru yana neman yagewa, jirage biyu suna neman nutsewa. Maimakon ya yi tsalle don murna, sai ya zube a gwiwoyin Yesu yana roƙon ya rabu da shi saboda shi mai zunubi ne. Babu wanda ya ambata masa wuta a ranar nan, alheri ne ya firgita shi. Kuma da yake aƙidar Kirista ita ce gafarar da ya samu a kan gicciye aka biya ta, ba shi da hurumin ɗaukarta abu mai araha. Wanda aka biya wa bashin da ya fi ƙarfin gidansu, in ɗan halak ne, ya fi jin nauyin mai biyan fiye da yadda yake jin na mai bin bashin.

Akwai kuma wata fa'ida ta wannan tsoro wadda ƙauna ita kaɗai, in an bar ta da taushinta, ba ta cika bayarwa ba, ita ce tsayawa a gaban mai iko. Zuciya ba ta ɗaukar manyan tsoro biyu a lokaci guda, dole ɗaya ya danne ɗaya. A farkon littafin Fitowa, sarkin Masar ya kira ungozomomin Ibraniyawa su biyu, ya umarce su da kashe duk jaririn da aka haifa namiji tun yana kan gwiwa, aikin da za a iya yi a ɗakin haihuwa da yatsa biyu ba tare da ko uwar ta gane ba, a ce ɗa ya zo babu rai. Ba su da runduna, ba su da dangi a fada, kuma sun san abin da yake samun wanda ya saɓa wa Fir'auna. Dalili guda littafin ya bayar na ƙin da suka yi, shi ne sun ji tsoron Allah. Da sarki ya sake kiransu yana tuhuma, suka ce masa matan Ibraniyawa ƙarfi gare su, kafin ungozoma ta iso sun riga sun sauka. Malamai sun daɗe suna jayayya a kan hukuncin wannan amsa tasu, har Agustin ya ce an saka musu ne saboda tausayinsu, ba saboda ƙaryar ba. Littafin dai bai ambaci sunan wannan Fir'auna ba ko sau ɗaya, amma ya ajiye nasu: Shifra da Fu'a.