Ladan Jinyar Tsohon Maharbi

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, 'yan uwa mata, wata baiwar Allah daga wani ƙauye a ƙasar Baure, cikin masarautar Daura, ta tare ni bayan karatu. Maigidanta maharbi ne tun yana saurayi. A zamaninsa idan rani ya yi aka buga gangar farauta, shi ne kan gaba da karnukansa da adakarsa, ya kwana uku a dawa ya dawo da barewa ko gada a kafaɗa. Yau dajin ya zama gonaki, barewar sai labari, shi kuma yana ta rufe masa ido, gwiwa ta ƙi, fitsari na kuɓuce masa. Ta ce, "Malama, wallahi ba wankin ne ya dame ni ba. In na kama hannunsa sai ya fizge, ya yi ta faɗa. Kuma ya daina sallah, wai jikinsa ba tsarki."

To, ki fara da sanin matsayin aikinki. A shekara ta 2 bayan hijira, Sayyidina Usman bin Affan (RA) bai halarci yaƙin Badar ba, domin Manzon Allah (SAW) ya bar shi a Madina yana jinyar matarsa Ruƙayya. Duk da haka aka ba shi ladan wanda ya halarta, aka kuma ba shi kasonsa na ganima. Kin ga ke nan tabarmar da kike shanyawa da kunun da kike damawa ba ƙaramin abu ba ne a wurin Allah, in dai niyya ta gyaru.

Faɗan da yake yi kuwa, ki fahimce shi. Mutumin da aka yi wa kirari a gaban jama'a, wanda bai taɓa cewa wani ya miƙo masa ruwa a daji ba, shi ne yau ake riƙe wa buta. Kunya ce take fitowa da siffar fushi. Saboda haka ki suturta shi. Kada ki gyara masa shimfiɗa a gaban jikoki, kada ki kai labarin lalurarsa gidan biki ko wajen kishiya da sunan neman tausayi. Ki bar masa abin da zai iya da kansa ko da zai ɗauki lokaci. In yara sun taru da dare, ki ce, "Malam, ba su labarin ranar nan da ka bi sawun barewa har tsallaken iyaka." Za ki ga ya gyara zama.

Maganar sallah ita ce mafi girma, kuma nan ne da yawa daga cikinmu muke sakaci. Muddin hankalinsa na nan, sallah ba ta faɗi a kansa ba. Sahabi Imrana bin Husaini (RA) ya yi fama da basir, Annabi (SAW) ya sauƙaƙa masa ya yi a zaune in tsayuwa ta gagara, ko a kishingiɗe in zaman ma ya gagara. In ruwa zai cutar da shi, ki kawo masa dutse ko ƙasa mai tsarki ya yi taimama. A mazhabar Malikiyya, fitsarin da ke zuba ba da iko ba, in ya lazimci mutum rabin lokaci ko fiye, ba ya warware alwala. Ki ware masa wando ɗaya na sallah, ki riƙa sanar da shi lokaci tunda kunnen ya yi nauyi. Tsohon da azumi ya fi ƙarfinsa ya sha, an so ya ciyar da mudu guda a madadin kowace rana.

Sai layu da guraye. Kusan kowane tsohon maharbi yana da su, na ƙarfe, na bindiga, na ɓata. Wanda ba a san abin da ke cikinsa ba, bai kamata bawa ya gamu da Ubangijinsa yana dogaro da shi ba. Amma kada ki kwashe su a ɓoye ki ƙona, rigima za ki tayar. Ki nemi limamin da yake jin nauyinsa ya zo gaishe shi, su yi maganar a tsakaninsu.

Neman magani kuma umarnin Manzo ne. Yanar ido ana cire ta a asibiti mutum ya koma gani. Masu yawo kasuwa-kasuwa suna tura yanar ciki da tsinke sun makantar da mutane da dama. A kai shi Babban Asibitin Daura a auna jininsa da suga, a duba mafitsara. In ya kwanta ba ya iya juyawa, a riƙa juya shi duk bayan awa 2 don kada bayansa ya yi gyambo.

Kuma ba ke kaɗai aka ɗora wa ba. Aya ta 23 a Suratul Isra'i, wadda ta yi maganar iyaye idan tsufa ya riske su, da 'ya'ya take. Ki kira 'ya'yansa maza, na Kano da na Legas, ki faɗa musu ba kunya: wane ya ɗauki kuɗin magani, wane ya zo ya yi masa wanka ranar Juma'a ya kai shi masallaci, ke ma ki samu ki runtsa.