RUWAN FAMFO: TSARKINSA DA LAFIYARSA

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya shayar da mu ba don wayonmu ba. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da duk wanda ya bi sunnarsa har ranar sakamako.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwa matashi, kai ne ake aike debo ruwa a gida, kai ne ke cika randar masallaci, watakila ma kai ne ke tura kurar ga-ruwa don neman halal. Saboda haka maganar ruwa maganarka ce. A Suratul Anbiya'i Allah ya sanar da mu cewa daga ruwa ya yi duk wani abu mai rai, a ƙarshen Suratul Mulki kuma ya tambaye mu, in ruwanmu ya ƙafe, wa zai zo mana da wani? Ni'ima mai girma irin wannan ba a yi mata riƙon sakainar kashi.

TSARKI DABAM, LAFIYA DABAM

Duk wanda ya karanta Ishmawi ko Risala ya san ana duba abu uku a ruwan tsarki: launi, da ɗanɗano, da wari. Wannan daidai ne. Amma malamai sun kawo shi ne don amsa tambaya guda, watau ko alwala da wanka sun inganta da ruwan nan? Tambayar ko zai cutar da cikin wanda ya sha kuwa wata ce dabam, kuma nan ne da yawanmu muke ruɗewa. Sai ka ji mutum ya ɗaga moɗa ya ce, "Ai garau yake, ba ya wari." To, ɗan'uwa, ƙwayar cutar amai da gudawa, watau kwalara, da ta zazzaɓin taifot, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita, hanci kuma ba ya jin su. Ruwa yana iya zama mai tsarki mai tsarkakewa, alwalarka ta inganta, sallarka ta inganta, amma yaro ya sha ya kwana a asibiti. Shari'ar da ta yi maganar tsarki ita ce kuma ta hana cuta da cutarwa, kamar yadda ya zo a Muwaɗɗa ta Imamu Malik.

INA RUWAN YAKE ƁACI?

Mu ɗauki birnin Kano. Tun farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka fara janyo ruwa daga Challawa zuwa cikin gari. Daga baya aka gina madatsar Tiga a 1974, aka kuma ƙara matatar Tamburawa. A matata ana zuba alif don laka ta kwanta, a tace ruwan ta cikin yashi, sa'an nan a sa kilorin, maganin da ke kashe ƙwayoyin cuta. In an cika wannan aiki, ruwan yakan bar gidan ruwa da lafiyarsa. To ina yake ɓaci?

Leƙa lungunku ka gani. Bututu nawa ne suka ratsa ta cikin kwata? Nawa ne suka tsage aka ɗaure da kyauron roba? Muddin ruwa yana gudu da ƙarfi, ta tsagar nan waje yake tsartuwa. Amma da zarar an ɗauke ruwa, bututu ya zama wofi, sai ya koma zuƙo ruwan kwata ciki. Ran da aka kawo ruwa, wannan ƙazanta ita ce za ta fara isa bokitinka. Wanda ya fasa babban bututu da dare ya yi jonin sata, da wanda ya ɗaura injin zuƙo ruwa a kan layin jama'a, duka biyu suna ƙara wannan ɓarna, ko sun sani ko ba su sani ba.

Akwai kuma dagwalon masana'antu, musamman na jima, da ya daɗe yana gangarawa kogin Challawa da rafin Jakara. Wannan guba ce, tafasawa ba ta fitar da ita. Maganinta sai a hana zuba ta tun daga tushe.

DARASIN 1996

Tsakanin Disamba 1995 da Mayu 1996 an lissafa mutum 5,600 da suka kamu da kwalara a Jihar Kano, 340 daga cikinsu suka rasu. Allah ya ji ƙansu. Likitoci suka yi bincike a kan waɗanda aka kwantar a Asibitin Zana, suka gano cewa cutar ta fi kama masu shan ruwan da ake tallansa a titi, ta kuma yi sauƙi ga masu shan famfon gidansu, da masu wanke hannu da sabulu kafin cin abinci. Ka ga ke nan famfo mai gyara rahama ne, rashinsa kuma shi ke tura talaka ga ruwan da bai san asalinsa ba. Abin bai wuce ba: a 2021 mutum sama da 100,000 suka kamu a Nijeriya, sama da 3,000 suka rasu, jihohin Bauchi da Jigawa da Kano suna cikin waɗanda abin ya fi shafa.

"AI ƘADDARA CE"

Wani zai ce maka, "Malam, ai komai ƙaddara ne, kakanninmu ruwan kududdufi suka sha." Haƙiƙa mun yi imani da ƙaddara, mai daɗi da mara daɗi. Amma ko ka fi Sayyidina Umar imani da ita? Da ya nufi Sham aka gaya masa annoba ta ɓarke can, sai ya juya da jama'a. Da Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, sai ya nuna masa cewa juyawar ma ƙaddarar Allah ce. Barin sababi ba tawakkali ba ne, lalaci ne aka sa masa rawani.

Mafi muni kuma, a ce wai iska ce ko sammu, a kwashi mara lafiya a kai wa boka, ko a rataya masa laya, ko a ɗura masa rubutu da ruwan randar da ta kwantar da shi. An ɓata aƙida, an kuma ɓata lokaci, alhali kwalara takan ƙarar da ruwan jikin mutum cikin sa'o'i kaɗan. Abin yi shi ne a haɗa ruwan gishiri da sukari nan take: lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. A yi ta ba shi yana kurɓa, ana hanyar asibiti, ana addu'a.

ABIN DA SUNNA TA RIGA TA KOYAR

Bukhari da Muslim sun ruwaito hani ga yin fitsari a ruwan da ba ya gudu. Abu Dawuda ya ruwaito gargaɗi a kan yin bayan gida a mashayar jama'a, da kan hanya, da inuwar da ake hutawa, domin suna jawo tsinuwa. An umurce mu da rufe ƙorai da ɗaure bakin salka, an hana mu yin numfashi a cikin abin sha, an kuma ce wanda ya tashi daga barci kada ya tsoma hannu a mazubi sai ya wanke shi sau uku. Muna da'awar raya sunna. To, waɗannan ma sunna ne, ba ɗage wando da tsayar da gemu kaɗai ba.

Saboda haka ga abin da ya hau kanka:

1. In an kawo ruwa bayan an ɗauke, kada ka tari na farko don sha. Bar shi ya gudu har ya washe, ka yi wanki ko shara da wanda ka tara.

2. Ruwan da kake shakka, tafasa shi ya yi ta ɓararraka minti ɗaya cur, musamman na yara da tsofaffi, musamman kuma da damina.

3. Wanke randa, rufe ta, a keɓe mata moɗa guda mai mariƙi. Randar masallaci ta fi kowacce bukatar wannan.

4. Wanke hannu da sabulu bayan fitowa daga ban ɗaki da kafin cin abinci.

5. Kada a haƙa masai kusa da rijiya. A bar tazarar kamar mita 30 in da hali.

6. In kana sana'ar ga-ruwa, ka ji tsoron Allah. Wanke jarkokinka, kada ka ɗebo daga fasasshen bututu a bakin kwata ka ce na famfo ne. Wannan algus ne, kuma wanda ya yi mana algus an ce ba ya cikinmu.

7. Ku matasan unguwa ku haɗu ku yashe kwata, ku ɗaga bututu daga cikinta, ku kai rahoton wanda ya fashe, ku yi wa mai jonin sata nasiha.

Su kuma masu riƙe da al'amuran jama'a, ruwa amana ce a wuyansu. Wanda aka ba kuɗin alif da kilorin ya karkatar, ya sani zai tsaya gaban Allah da kowane jaririn da aka binne saboda shi. Ku tunatar da su da ladabi, a rubuce, ba da zagi ko tarzoma ba. Mawadata kuma su tuna Sayyidina Usman, da ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa Musulmi, da Sa'adu ɗan Ubada, da aka nuna masa shayar da ruwa a matsayin sadaka ga mahaifiyarsa da ta rasu.

Allah ka shayar da mu ruwa mai albarka, ka kare mu daga annoba, ka shiryi shugabanninmu, ka shayar da mu daga tafkin Annabinka ranar ƙishirwa babba. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.